Tsofaffin kuɗin gado: a auna kafin a raba

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a gidaje da yawa na karkara akwai wani gwangwani ko wata ƴar jakar fata da ba a buɗewa sai ranar da mai ita ya riga mu gidan gaskiya. In an buɗe, akan iske layu, da tsofaffin takardun lanho, da kuɗin ƙarfe irin waɗanda ba su sayen ko ashana a kasuwar yau. Wasu sukan ba yara su yi wasa da su. Wasu kuwa sukan ɗauka sun tsinci dami a kala. Duka biyun suna iya yin asara.

Bayan kaka, wani magidanci ya zo Yamai daga wani ƙauye na ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi. Ya sauka gidan maƙwabcina, da gwangwanin madara ɗaure cikin tsumma. Mahaifinsa ne ya rasu ya bar shi. Tsohon ya yi fatauci da jakai tsakanin Ƙonni da Sakkwato a ƙuruciyarsa, daga baya ya yi aikin gadi a Akuta, kusa da Arlit. Wasu daga cikin kuɗin ma na kakansu ne, wanda ya je Makka a ƙasa.

Baƙon ya juye gwangwanin bisa tabarma, ya ce mini: "Malam, an ce kana karanta rubutun Nasara. Duba mini abin da ke nan, don gida ana jirana da rabo."

Ya ce wani mai yawon sayen tsofaffin kaya ya taya gwangwanin gaba ɗaya jika 20, ya kuma ce in kasuwa ta sake ci ba a sallama ba, ya fasa. Wani kuma ya gaya masa anini mai huda ana sayensa miliyoyi a birni. Shi dai ya riga ya yanke shawara a ransa. Zai riƙe aninai da wani ɗan kuɗi rawaya mai huda wanda yake zaton zinariya ne. Manyan nan da suka yi baƙi ƙirin kuwa, zai ba tsohuwarsa da ƙannensa mata.

Na ce masa karatu kaɗai bai isa ba, sai da ma'auni. Washegari muka tafi gidan tarihi na ƙasa, wanda ake kira Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959. A cikinsa akwai rumfunan masu sana'ar hannu, har da maƙeran azurfa. Wani dattijo daga cikinsu ya shimfiɗa mana buzu, ya jawo ɗan sikelinsa. Abin da muka koya ran nan shi muke so mu isar muku.

Liyari: shekararsa ɗaya ce tak

Dattijon ya fara da manyan baƙaƙen nan, guda 11. A fuska ɗaya akwai wata mace mai jiki da lulluɓi a ka. A ɗaya fuskar akwai gaggafa mai kai biyu, da lamba 1780. Wannan shi ne liyari. A gabas, wajen Barebari, gursu suke ce masa.

Baƙon ya ƙirga da yatsu, ya ce: "Ashe sun haura shekara 240!"

Maƙerin ya yi dariya, ya ce: "Ɗana, duk wanda na taɓa riƙewa tun ina yaro a maƙerar babana, 1780 ke jikinsa. Ban taɓa ganin ƙanensa ko wansa ba."

Dalili kuwa ga shi. Matar nan sarauniyar ƙasar Ostiriya ce, can Turai, sunanta Mariya Tereza. Ta hau sarauta a 1740, ta rasu a 1780. Fataken Larabawa da na Habasha da na ƙasashenmu sun yarda da kuɗinta, don azurfarsa ba ta canzawa. Ba su karɓar wani iri. Saboda haka bayan rasuwarta aka ci gaba da buga shi yadda yake, ba a taɓa shekarar ba. An buga shi a birnin Biyana, an buga a Rum, da Paris, da Landan, har da Bombai ta ƙasar Indiya lokacin yaƙin duniya na biyu. Waɗanda aka buga sun haura miliyan 300, kuma gidan buga kuɗi na Ostiriya bai daina ba. Ke nan liyarin da ke hannunka yana iya zama sa'an kakan kakanka, yana kuma iya zama ƙanen ɗanka.

Ta hamada ya shigo mana, bisa raƙuma, daga Tarabulus zuwa Agadas da Damagaram da Kano da Borno. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Agadas a 1850, ya isa Kano a 1851. Ya iske ana canza liyari ɗaya wuri 2,500. Ku duba wahalar ƙirga wuri 2,500, za ku gane abin da ya sa manyan fatake suka so shi. Mata ma sun so shi. Fulani sun sa shi a kitso da wuya, maƙeran Abzinawa kuma sun narka da yawa sun ƙera zobba da awarwaro da abin wuyan nan na Agadas da duniya ta sani.

To, in shekarar ba ta da amfani, ina darajarsa take? Tana cikin nauyinsa. Liyari na gaskiya giram 28 ne. A ciki giram 23 da ɗan ɗori azurfa ce zalla, saura jan ƙarfe ne da aka gauraya don ya yi ƙwari. A gefensa, wato kaurinsa, akwai rubutu da ado masu tudu, ana jin su da farce. Dattijon ya ɗora su ɗaya bayan ɗaya bisa sikeli. Goma sun yi daidai, ko sun gaza kaɗan saboda gogewar hannu. Na goma sha ɗayan ya gaza da yawa. Ya sake shi bisa dutse, sai muka ji ƙwal, ya mutu nan take. Ya saki wani, sai ya yi ƙara siririya mai tsawo kamar ƙararrawa. Na farkon darma ce aka zuba aka shafa mata fari. Allah kaɗai ya san a wace kasuwa aka cuci tsohon da shi.

Dalar da ta ba dala suna

Sai wasu guda 6, sun ɗan fi liyari ƙanƙanta. Biyu suna da kan wani mutum mai gemu ɗan tsiriri, shi ne Napoleon na uku. Huɗu suna da wani ƙato tsaye tsakanin mata biyu. A bayansu an rubuta 5 FRANCS. Waɗannan su ne dalolin azurfa na Faransa. Sun shigo da yawa bayan da Nasara suka ci Damagaram a 1899, suka ce lanho sai da kuɗinsu. Sunan dala asalinsa na manyan kuɗin azurfa ne irin liyari. Da wannan ta zo da girma kusan ɗaya, sai sunan ya koma kanta. Shi ya sa har yau muke ƙirga kuɗi da dala, tamma biyar-biyar, ko da yake dalar yau ba ta da ko ƙwayar azurfa.

Ita wannan shekararta gaskiya ce. An daina buga ta a 1878. Nauyinta giram 25, kashi 9 cikin 10 azurfa, wato giram 22 da rabi.

Akwai ƙannenta da ya kamata ku sani, ko da ba mu iske su cikin wannan gwangwani ba. Su ne masu hoton wata mace tana tafiya tana watsa iri, rana na fitowa bayanta. Tamma ɗaya da tamma biyu masu wannan hoto, in shekararsu ba ta wuce 1920 ba, azurfa ne. Tamma ɗayar giram 5 ce, tamma biyun giram 10. Daga baya Faransa ta sake amfani da hoton nan. Tamma biyar mai shekara daga 1960 zuwa 1969 azurfa ce, giram 12. Daga 1970 hoton bai canza ba, amma babu azurfa ko kaɗan. Tsofaffin sojoji da ƴan ci-rani sun kawo iri biyun duka. A nan wanda ya iya karanta lamba huɗu ya fi wanda bai iya ba, kuma ba a wurin malamin yaƙi da jahilci kaɗai za a ga bambancin ba, har a aljihu.

Masu kan barewa kuwa, marasa nauyi, na sanholo, masu shekarar 1948, su ne tammomin farko bayan da aka kafa kuɗin sefa a watan Disamba na 1945. Tarihi ne mai kyau a nuna wa yara. Amma an buga su da yawa ƙwarai, kuma ƙarfensu na tukunya ne.

Anini da labarin miliyoyi

Da muka zo kan tulin masu huda, baƙon ya gyara zama. Aninai ne da kwabbai na zamanin Ingilishi a Najeriya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun boko da na Larabci. An fara buga anini a 1907. Anini 10 kwabo ɗaya, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Mutanen bakin iyaka, daga Gaya har Magarya, sun yi ciniki da su kamar kuɗin gida. Hudar kuwa don a zura zare ce a rataya, tun da ba kowace riga ke da aljihu ba.

Maƙerin ya kwashe su cikin tafi ɗaya, ya ce: "Waɗannan ko na narka ba ni samun abin zobe. Ba azurfa, ba zinariya."

Baƙon ya ce: "Baba, to miliyoyin da ake faɗi fa?"

Ya ce: "Wanda ya gaya maka, ka ce ya kawo miliyan ɗaya ya kwashe duka."

Mun daɗe muna jin irin wannan labari. Yau a ce anini, gobe a ce tsohon keken ɗinki ko dutsen guga na gawayi, wai akwai wani sinadari a ciki da Nasara ke nema. Ba mu taɓa ganin wanda ya gina ko ɗaki ɗaya da kuɗinsa ba. Yadda abin yake tafiya shi ne, wani ya zo ya ce yana da mai saye a birni, amma sai ka ba da kuɗin mota da kuɗin gwaji. Ka sayar da akuya ka ba shi. Daga ran nan sai labarinsa.

Cikin kwabban akwai ɗaya mai shekarar 1936 da sunan Edward na takwas, sarkin Ingila da ya sauka daga gadon sarauta bai cika shekara ba. Masu wayo sukan ce irinsa babu shi a duniya. Alhali miliyoyi aka buga aka kawo ƙasashen Afirka ta Yamma.

Amma kada a haɗa su da sule. Sule mai hoton bishiyar kwakwa, daga 1913 zuwa 1919, azurfa ce mai kyau, fiye da giram 5 a kowane. A 1920 aka rage azurfar, daga nan aka koma rawayan ƙarfe. Hoto ɗaya, daraja daban.

Shekarar Makka da shekarar Japan

Akwai guda 2 da babu hoton mutum a jikinsu, sai rubutun Larabci da takubba da dabino. Baƙon ya yi karatun allo, shi ya karanta mana lambar da kansa: 1354. Ya zaro ido, ya ce ke nan waɗannan sun girmi liyari da shekara ɗari huɗu. A'a. Wannan shekarar hijira ce, ta yi daidai da 1935. Riyal ne na azurfa na ƙasar Saudiyya, zamanin sarki Abdul'aziz, irin wanda alhazan da suke komowa da shi. Nauyinsa giram 11 da rabi da ɗan ɗori, kuma kusan giram 11 a ciki azurfa ce.

Sai muka zo kan wanda baƙon ya ƙwallafa wa rai, ɗan rawayan nan mai huda. Shi da wasu guda 3 suna da wani rubutu kamar sawun kaji, ba boko ba, ba ajami ba. A gida wasu sun ce hatimi ne, wasu sun ce zinariyar Sin ce.

Kuɗin ƙasar Japan ne, sunansu yen. Kada ku yi mamakin yadda suka zo Arewa. Kamfanin haƙar yuraniyom na Akuta, COMINAK, wanda aka kafa a 1974 aka rufe a 2021, Japanawa suna da hannun jari a cikinsa, mutanensu kuma sun zo sun tafi. Samarin Japan ƴan sa-kai ma sun zauna ƙauyukanmu shekaru da dama, suna aikin dashen itace da kiwon lafiya. Baƙo yakan ba mai gadi ko yaro ɗan kuɗin ƙasarsu don tunawa.

Rawayan nan yen 5 ne. In kun duba da kyau za ku ga zangarniyar shinkafa ta sunkuya, da layuka a ƙasa alamar ruwa, da haƙoran inji kewaye da hudar. Noma ke nan, da su, da masana'antu. Tun 1949 ake buga shi da huda. Jan ƙarfe ne da aka gauraya da wani farin ƙarfe, irin na kwanon tagulla. Nauyinsa bai kai giram 4 ba, kuma in an canza shi ko dala 10 bai kai ba. Ba ma wanda zai canza maka, don bankuna ba su karɓar kuɗin ƙarfe na wata ƙasa. Japanawa dai suna son sa, suna ɗaukarsa abin sa'a, don sunansa a bakinsu ya yi kama da kalmar da ke nufin zumunci.

Su Japanawa ba shekarar Nasara suke sa wa kuɗinsu ba. Suna ƙirgawa daga hawan sarkinsu, kamar yadda tsofaffinmu kan ce shekara kaza da sarautar wane. Alamu biyu na farko sunan zamanin sarkin ne, sai lamba, sai alamar ƙarshe 年 mai nufin shekara. In kun ga 昭和, zamanin Showa ne, na sarki Hirohito, wanda ya hau a 1926 ya rasu a 1989. Sai ku ƙara 1925 bisa lambar. In kun ga 平成, zamanin Heisei ne, na ɗansa Akihito, sai ku ƙara 1988. Zamanin da aka shiga a 2019 sunansa Reiwa, shi kuma 2018 ake ƙarawa.

Ɗaya daga cikin namu fari ne mai huda, yen 50, an rubuta 昭和 sai 53 da lambar boko. Na ba baƙon alli, ya haɗa 53 da 1925 bisa bango, ya samu 1978. Ya yi shiru, ya ce a shekarun nan ne tsohon yake Akuta.

A jikin yen 5 da yen 10 lambar ma da rubutunsu take, amma ba ta da wuya. Kara ɗaya a kwance 一 ɗaya ne, biyu 二 biyu, uku 三 uku. Mai kama da mararraba 十 goma ne. In uku ta zo kafin goma, 30 ke nan. In ta zo bayan goma, 13 ke nan.

Cikin huɗun nan, ɗaya ne kawai ya sa maƙerin ya sake ɗaukar sikeli. Yen 100 ne mai damin shinkafa, ya yi duhu. Yen 100 da aka buga daga 1957 zuwa 1966 kashi 6 cikin 10 azurfa ne, wato kusan giram 3 a kowane. Daga 1967 aka koma mai furanni, babu azurfa. Na huɗun yen 1 ne na sanholo, nauyinsa giram ɗaya cif. Dattijon ya roƙa a bar masa shi don gwada sikelinsa.

Wani gargaɗi game da kuɗin Japan. Akwai wani babban yen na azurfa, na zamanin da, mai hoton wani maciji mai ƙafafu da ƙahoni ya naɗe jikinsa, da rubutun boko 416 ONE YEN 900. Na gaskiya an buga shi tsakanin 1874 da 1914, nauyinsa kusan giram 27, kuma masu tara tsofaffin kuɗi suna sayensa da daraja. Saboda haka jabunsa ya cika duniya, har bisa taburan ƴan koli. In wani ya kawo muku shi da araha yana rantsuwa, ku ce a tafi wurin ma'auni.

Gwajin da kowa zai iya a gida

Ba kowa ke iya zuwa Yamai ba. Amma kusan kowace babbar kasuwa tana da maƙerin farfaru, kuma kafin ku je wurinsa akwai abin da za ku iya yi.

Ku nemi mayen ƙarfe, irin wanda ke cikin lasifikar tsohuwar rediyo. Ba ya kama azurfa, ba ya kama zinariya. In ya kama, magana ta ƙare. In bai kama ba, kada ku yi murna tukuna, don darma da tagulla ma ba ya kama su. Sai a koma ga nauyi.

Ma'auni kuwa ana yin sa da ɗan kara madaidaici, da zare, da murafen gwangwani biyu masu girma ɗaya. Duwatsun awon suna cikin aljihunku. Ku zaɓi tsofaffin kuɗin sefa waɗanda mayen ƙarfe ba ya kamawa, waɗanda ba su goge ƙwarai ba. Mai dala 5 giram 8 ne, mai dala 2 giram 4, mai dala 10 giram 5. Masu dala 5 guda uku da mai dala 2 guda ɗaya sun yi giram 28, nauyin liyari ke nan. Masu dala 10 guda biyar sun yi giram 25, nauyin dalar Faransa. In murfin ya rinjaya kaɗan, gogewa ce. In ya rinjaya ƙwarai, akwai magana.

Abin da muka fi roƙonku shi ne kada ku goge su. Mun san hannun uwargida ba ya ganin baƙin ƙarfe ya ƙyale, sai ta kawo toka da tsamiya da rairayi. Baƙin nan da azurfa ke yi ba datti ba ne, kuma masu tara tsofaffin kuɗi sun fi son ta da shi. Su abin da suke biya shi ne ƙarancin irin kuɗin, da kyan zanensa. Kuɗin da aka kankare, ko aka huda, ko aka liƙa wa kunne don rataya, ya fita daga hannunsu, ya koma farashin awo. Biyu daga cikin liyaran baƙonmu suna da kunne. Azurfarsu tana nan, mata kuma suna son su hakanan, amma ba za su wuce haka ba.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce, masu tara kuɗi don sha'awa ba su da yawa a ƙasarmu. Kuɗin da ba a cika samun irinsa ba yakan fito jefi-jefi, amma a gwangwani ɗari da wuya a samu ɗaya. Wanda ya ga wani iri da ba mu ambata ba, ya ɗora takarda bisa kansa ya goga fensir a hankali, fuska biyun duka, ko ya sa a ɗauki hotonsa da salula. Hoton za a yi yawo da shi ana tambaya, kuɗin ya zauna gida. Wanda kuma garma ta tono masa tukunyar tsofaffin kuɗi a gona, wannan ba gado ba ne. Ya sanar da mai gari kafin a warwatsa su, don akwai doka ta 1997 da ke kare kayan tarihin ƙasa.

Takardun kuɗi kuwa ba su da ƙarfen da za su koma kansa. A ƙasan gwangwanin mun iske jika biyar-biyar guda 3 a naɗe cikin leda, irin waɗanda bankin BCEAO ya janye a 2004. Tsohon ya ɓoye su, wa'adin canji ya wuce bai sani ba, ko ya manta. Jika 15 ke nan suka zama takarda.

Lissafi

Farashin azurfa ba ya zama wuri ɗaya, yana hawa yana sauka kamar na hatsi. Saboda haka ba za mu rubuta muku farashi ba. Ku tambayi kuɗin giram ɗaya a ranar, wurin maƙera biyu ko uku, ba tare da kun nuna abin da ke hannunku ba. A Yamai akwai su a gidan tarihi, akwai su a kasuwar masu sana'ar hannu ta Wadata. Ku sani mai saye zai rage wani abu don ribarsa, wannan ba zalunci ba ne. Zalunci shi ne sayen gwangwani a rufe.

Ga misali don koyon lissafin kawai. A ce giram ɗaya dala 100 ne. Liyari mai giram 23 ya tashi dala 2,300, wato jika 11 da rabi. A gwangwanin baƙonmu, liyari 10 sun ba da giram 230, dalolin Faransa 6 sun ba da giram 135, riyal 2 da yen ɗin nan sun ba da wajen giram 24. Jimla giram 389. Bisa misalinmu, jika 194 da rabi ke nan. Mai yawon nan jika 20 ya taya. Yanzu kun ga abin da ya sa yake gaggawa.

Wanda ya gaji azurfa da yawa ya tuna da zakka. Malamai da yawa suna ƙiyasta nisabin azurfa giram 595, wato liyari 26 ko kusa da haka. Ya tambayi malamin garinsu.

Da muka fito, baƙon bai ce komai ba har muka kai bakin titi. Can ya ce: "Malam, da na yi rabon da na yi niyya, da na ba mata dukiyar duka na riƙe tarkace." Na ce da kuma an yi rabon ɗaya naka ɗaya nawa, da wani ya tashi da azurfa, wani da sanholo, kuma ranar da aka gane, zumunci ya ɓaci. Gado da ƙima ake raba shi, ba da ƙirga ba. Malamin da zai fitar wa tsohuwa da tumuninta, ya ba namiji rabon mata biyu, sai an gaya masa abin da kowace ƙwaya ta tashi kafin ya iya aikinsa.

Maƙerin ya rubuta masa nauyin kowane iri a takarda, ya koma gida da gwangwaninsa, bai sayar da ko ɗaya ba. Bayan sati uku maƙwabcina ya kawo mini labari. An yi rabo gaban liman da mai gari. Tsohuwar ta ce a sa liyari biyun nan masu kunne cikin rabonta, don da su aka kawo ta gidan. An sayar da dalolin Faransa aka sayi hatsi da tunkiya biyu. Aninan an zura su a zare an rataye a zaure, malamin makarantar garin ya ce zai riƙa aro yana nuna wa yara. Ɗan rawayan Japan kuwa yana wuyan autar gidan.